Loma Ɗaya a Hurumin Duwatsu Bakwai

Da sunan Allah da ya shimfiɗa rairayi bai auna da mudu ba, ya kafa duwatsu bai nemi magini ba. Ku matso kusa, ku masu son labarin nesa. Ni ne Korau ɗan Jatau, wanda ƙafarsa ta ƙi zama. Na sha ruwan koguna goma sha ɗaya, na kwana a garin da ake hayar inuwa, na ci kasuwar da ba a ciniki sai da gira. Duk wannan bai sa na riƙe baki ba kamar abin da ya same ni a Hurumin Duwatsu Bakwai. Ba aljani ne ya jawo mini ba, ba ɗan fashi ba ne. Bakina ne da hannuna na dama.

Shekara ashirin da biyu ina fita ina dawowa, matata Tabawa tana gida tana kaɗi. A shekarar da nake ba ku labari, na dawo na tarar sai ta yi lalube kafin ta sami bakin randa. Wani hazo ne ya sauka a idonta. Mai magani ya duba, ya girgiza kai, ya ce kafin a girbe gero zai rufe ruf. Ni na zauna ina salati, ita kuwa ko gezau.

Ta ce, "Malam, na gaji da gani da bakinka. Wane wuri ne ka ji labarinsa amma ba ka taɓa zuwa ba?"

Na ce, "Hurumin Duwatsu Bakwai. An ce in rana ta fito takan kunna duwatsun ɗaya bayan ɗaya, kowanne da nasa launi."

Ta ce, "To can za ka kai ni. Ina so abin da zan gani na ƙarshe ya zama wanda ba ka riga ni gani ba."

Matar da ba ta taɓa wuce kasuwar garinmu ba! Na yi ta kawo uzuri, ta yi ta naɗe kaya. Washegari muka ɗaura wa raƙumi tanti da guzuri muka kama hanya. Kwana arba'in muna tafiya, kullum idon yana raguwa. Da farko tana ƙirga tsuntsaye a sama, daga baya sai ta ce ta ga wani abu ya gifta. Ranar da muka isa, fuskata ma sai na matso dab da ita take rarrabewa.

A bakin Hurumin akwai ƙofa, ba ganuwa, ba shinge, ƙofa ce kawai tsaye a fili, da wani tsoho mai gadi a gindinta. Na leƙa ciki, sai na ga ƙasa iyakar ganin ido, jajayen duwatsu kamar rumbuna, can nesa ciyawa kore shar, ga barewa tana kiwo ba ta ko ɗaga kai. Na tambayi tsohon gonar wane ne.

Ya ce, "Ba gona ba ce. Ba a noma, ba a farauta, ba a saran itace."

Na ce, "To me ake yi da ita?"

Ya ce, "Kallo."

Wallahi sai da na dafa raƙumi. Ƙasar da za ta ciyar da gari ɗari, a bar ta haka don a zo a zura mata ido a koma! Tabawa ta zungure ni ta ce, "Mu ɗin me ya kawo mu?"

Tsohon ya ba mu allon fata guda biyu masu hatimi. Ya ce zango uku ne a ciki: na Rairayi, na Tsakiya, da na Sama inda ake ganin duwatsun. Zangon Sama ƙarami ne, mutum goma sha biyu kaɗai yake ɗauka, saboda haka kowa da ranarsa, kuma sau ɗaya ake ba baƙo a rayuwarsa. Tamu ranar ita ce ta biyar daga yau. Sannan ya ɗaga yatsu uku. Kada ku kafa tanti sai inda aka shata muku. Kada ku bar komai a baya, ko da toka ce. Kada ku ba wani abu mai rai na Hurumi abinci. Na ce na ji, ina ta kallon barewa.

Da azahar muka isa Zangon Rairayi. Na ga abin da ya ba ni haushi: an shata wa kowa wurinsa da fararen duwatsu a kan wani tudu mai tsakuwa, ba inuwa, rana kamar ta gasa mutum. Mutane sun kafa tantuna a jere kamar ba su da wayo. Ga shi kuwa ƙasa kaɗan akwai wani kwari mai zurfi, gaɓarsa ta fi tsayin mutum biyu, cikinsa yashi mai laushi da sanyi. Na ce a raina, waɗannan mutane sun san doka amma ba su san tafiya ba. Na zagaya da raƙumi ta wata gangara mai nisa, na kafa tantinmu a cikin kwarin.

Bayan la'asar ina gyara murhu, Tabawa ta ce, "Malam, wa ke niƙa?"

Na ce ba kowa. Sama tas, ko ɗigon gajimare babu.

Ta ce, "Ana niƙa. Kuma dutsen niƙan yana tahowa."

Na sa kunne a ƙasa. Ruwa ne! An yi ruwa a can kan duwatsu inda ba ma gani, shi ne ya taho da ƙarfinsa ta tsohuwar hanyarsa, mu kuwa mun shimfiɗa tabarma a tsakiyarta. Gangarar da muka shigo ta yi nisa, gaɓa kuma ba ta hawuwa. Na ja raƙumi gindin gaɓar na durƙusar da shi, na ɗora Tabawa a kan tozonsa, ni ma na hau, na ce ta miƙe tsaye ta riƙe kafaɗata, na daka masa tsawa. Yana miƙewa ya ɗaga mu sama, ta laluba ta cafki saiwar wata bishiya, na tura ta, na bi bayanta da rarrafe. Raƙumin ya zura da gudu. Ban gama juyowa ba na ga jan ruwa ya wuce da tantinmu, da tukunya, da buhun gero, da itatuwa da saiwoyinsu, yana ruri.

Mutanen zango suka taho suka tsaya a kanmu. Da sun yi dariya da ya fi mini sauƙi. Wasu tsofaffi, miji da mata, suka ba mu rabin tantinsu. Washegari gaba ɗaya a neman raƙumi ta ƙare, na same shi can ƙasa yana tuƙa kamar ba abin da ya faru. Abin da ya rage mana sai jakar da ke wuyana, mai allunanmu da kilishi da gishiri da ɗan gari. Na ɗaga hannu na rantse wa Tabawa cewa daga yau ko an ce in yi tafiya da ka zan yi.

Ta ce, "Allah ya sa. Yau da na dubi rana, kamar faifai na gan ta a cikin hayaƙi."

Ranar huɗu da hantsi muka isa Zangon Tsakiya, a gindin dutse, inda ruwa ke fitowa daga tsaguwa yana gangarowa cikin kwatami. Mai kula da wurin wata mace ce doguwa, Tamnat, da ƙaho a wuya da baka a kafaɗa. Ta duba allonmu ta ce gobe tun da sauran dare za a hau. Ta nuna mana wani akwatin dutse mai murfin ƙarfe, ta ce duk abin ci a ciki ake kulle shi. Na bi komai daki-daki. Har tokar da na kwashe sai da na ƙulle a tsumma.

Da rana ta take, Tabawa ta kwanta a tantin da aka ara mana ta ɗan huta. Na ari tukunya da tabarma na tuƙa ɗan tuwo, na yi miya da kilishi, na ajiye mata nata, na zauna bakin tabarma da nawa. Na kai loma biyu, sai na ji kamar ana kallona. Na ɗaga kai.

Wani abu ne zaune a gefen tabarmar. Tsayinsa bai wuce ƙugun mutum ba, jikinsa duk gashi toka-toka, ga farin gemu har ƙirji. Ya tanƙwashe ƙafa, ya ɗora hannuwa a gwiwa, ya sunkuyar da kai. Bai miƙo hannu ba, bai yi kuka ba, ko ƙwaryar bai kalla ba. Zama kawai ya yi irin na dattijon da ya iso gida ya tarar ana cin abinci, yana jin kunya.

Ba zan yi muku ƙarya ba, na san dabba ce. Amma ku da kuka san garinmu kun san yadda aka rene mu. Ko maƙiyinka ne ya gifta kana ci, sai ka kira shi. Ubana ya taɓa marina don na juya wa mai wucewa baya da ƙwarya a hannu. Kafin hankalina ya iso, bakina ya riga ya ce, "Bismillah, matso mu ci." Hannuna ya yanko loma ya dangwalo miya ya miƙa. Ya karɓa da hannu biyu.

Yana kaiwa baki na ji ƙaho ya tsaga zangon. Mata suka janye yara cikin tanti. Wani mutum ya ɗora hannu a ka. Tamnat ta taho da gudu, kibiya a kan tsirkiya, ta tsaya tana dubana kamar wanda aka kama da wuƙa a kan gawa.

Ta ce, "Baƙo, me ka ba shi?"

Na ce, "Loma ɗaya ce fa, ranki ya daɗe."

Ta ce, "Da gishiri?"

Na ce, "Ana miya ba gishiri?"

Ta rufe ido. Sannan ta gaya mini irin ɓarnar da na yi. Waɗannan halittu dattawan dutse ake ce musu. Abincinsu wata saiwa ce da ke fitowa a tsaguwar dutse, kuma garin tonon saiwar ne suke buɗe idanun ruwa. Duk ruwan da zangunan nan ke sha, da garuruwa uku na ƙasa, daga farcensu yake fitowa. In ɗaya ya ɗanɗana gishiri ya bar tono ke nan, sai zaman bakin tabarma, 'yan'uwansa kuma su gani su koya. A zamanin kakarta an yi haka, dattawa ɗari suka zauna jiran loma, idanun ruwa suka toshe, aka binne yara har aka gaji.

Ta ce, "Hanya biyu ce. Ko in harbe shi yanzu ka ci gaba da tafiyarka. Ko ka ja shi zuwa Kwarin Ɗaci, kwana huɗu daga nan, ka ba shi 'ya'yan itacen wurin da hannun da ka ciyar da shi, har ya tsani hannun mutum. Ba zai bi kowa ba sai kai. In ka tafi, ranarka ta wuce, kuma ba a sake ba da wata."

Na dubi dattijon. Yana nan yana lasar yatsa a hankali, ya matso ya zauna kusa da ƙafata. Na dubi tantin da Tabawa take. Kwana takwas zuwa da dawowa, idon da ko kwana uku ban tabbata zai kai ba. Hanyar hawa kuwa siririya ce a bakin rami, ba ta makaho ba ce shi kaɗai. Kunya nake ji in faɗa, amma zan faɗa.

Na ce, "Harbe shi."

Tamnat ta ja baka. Sai muka ji murya daga bayanmu.

"Sauke abin nan, 'yar'uwa."

Tabawa ce tsaye a bakin tanti, ta dafa igiya. Ashe duk ta ji. Ta juyo wajen da take zaton ina tsaye ta ce, "Malam, kai ka kira shi ko shi ya roƙa?"

Na ce, "Ni na kira shi."

Ta ce, "Da Bismillah?"

Na ce, "Da Bismillah."

Ta ce, "To a gidan wa aka taɓa yanka baƙo da lomar maigida a bakinsa? So kake abin da zan gani na ƙarshe ya zama wannan? Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ɗauki sandarka."

Na ce, "Ke fa? Wa zai hau da ke?"

Ta ce, "Da ƙafarka zan hau?"

Shekara ashirin da biyu ban taɓa jin ta ɗaga mini murya ba. Tamnat ta daɗe tana kallonta, sannan ta mai da kibiya cikin kwari, ta kwance ɗamararta ta ɗaura bakinta ɗaya a ƙugun Tabawa. Ta ce shekara tara rabonta da hawa, gobe za ta hau. Ni kuma ta karɓe allona ta tsaga shi biyu a gabana, ta nuna mini hanya da haɓa.

Haka na fita, dattijon yana bina a baya tiƙis-tiƙis. In na tsaya ya tsaya. In na yi salla ya zauna gefe ya jira. Safiyar farko na san a daidai lokacin ne ake kallon duwatsun, na yi ta waige, amma wani ƙaton tsauni ya tare komai, ko hasken ban gani ba. Na zagi tsaunin, na zagi tuwo, na zagi kaina.

Rana ta biyu na waiga sai na ga ba ɗaya ba ne, bakwai ne a jere. Ƙanshin jakata ne ya sauko da su daga wajen tono. Na tsaya, suka zauna duka suka tanƙwashe ƙafa suka sunkuyar da kai. Na rantse muku sai da na danne bakina da hannu, don har ya fara motsi. Na ruga wani rafi, na zazzage gishirin da kilishin a inda ruwa ya fi gudu, na goge jakar da hannuwana da toka da ɗanyen ganye, na bi tsakiyar ruwan har ƙugu na yi tafiya mai nisa. Da na fito, shidan sun watse. Nawa kaɗai ne ya biyo gaɓa, ya iso yana haki, gemunsa jiƙe.

Kwarin Ɗaci wuri ne da ko ƙuda babu. Itatuwansa gajeru ne, 'ya'yansu baƙaƙe kamar ɗinya. Na tsinko na miƙa masa, ya ƙi karɓa, ya tsaya yana kallon bakina. Ashe ya koyi ladabi: baƙo ba ya riga maigida. Dole na jefa ɗaya a baki. Maɗaci zuma ne a kan wannan abu. Hawaye suka zubo mini, harshena ya ƙage, amma na murmusa na ce, "Bismillah." Ya karɓa da hannu biyu. Ya tauna. Jikinsa ya ɗauki rawa, ya ɗago ya dube ni ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba.

Na sake ci, na sake ba shi. Ya sake karɓa, don ya yarda da ni. A karo na uku ya karɓa, ya juya shi a tafin hannu, sannan ya ajiye shi a ƙasa a gabana a hankali. Ya miƙe ya juya mini baya. Ya hau dutse bai waiwayo ba, can na ji ƙarar farce a tsaguwa. An yi mini fashi sau uku a rayuwata ban yi kuka ba, amma ranar na zauna a ƙasa na yi har da shessheka.

Kwana huɗu na dawowa a kwana uku na yi su, ina cin ganye da ruwa. Tunda ba ni da allo, sai na zagaya ta waje zuwa ƙofar farko. Akwai wani ɗan zango a wajen ƙofar inda masu fita ke hutawa. Daga nesa na hango raƙuminmu, na hango Tabawa zaune a kan dutse, hannuwa a cinya. Na ƙwala sallama. Ta amsa da fara'a, ta juyo, amma idanunta suka sauka a kan wata bishiya da ke gefena.

Na durƙusa a gabanta.

Ta ce, "Ya tafi?"

Na ce, "Ya tafi. Yana tono."

Ta ce, "Alhamdu lillahi."

Na ce, "Tabawa, kin gani?"

Ta ɗaga yatsu uku.

Ta ce, "Uku na gani, Malam. Na farko ya kama, na biyu ya kama, na uku ya kama har gindinsa. Ina jiran na huɗu sai na ce wa Tamnat, yau rana ta fasa fitowa ne? Sai na ji tana kuka. Sauran huɗun ta ce suna nan."

Na kifa kai a gwiwarta na ce ta yafe mini, da ina nan da na riƙe ta, da na gaya mata sauran.

Ta ce, "Da kana nan da ka cika ni da surutu, ko ɗayan ba zan gani da kyau ba."

Na share ido na ce, "To yaya suke? Ja ne? Shuɗi ne? Da me suka yi kama?"

Ta buɗe baki, ta rufe. Ta sake buɗewa, sai kawai ta yi murmushi irin wanda ban taɓa gani a fuskarta ba, ta girgiza kai. Ta ce, "Ba su yi kama da komai ba."

Iyakar abin da na samu ke nan, ni Korau mai ido biyu garau, wanda ya je har gindin Duwatsu Bakwai bai ga ko ɗaya ba. Na yi ta naci, ta miƙo mini hannu.

Ta ce, "Tashi ka kama ni, Malam. Gida da nisa."

Na kama ta. Nan hikayata ta tuƙe, wanda ya ji ya riƙe abin da ya ji.